Mai Fasfo Tara: Taro Huɗu a Rayuwar Miriam Makeba

 

A manyan biranen duniya akwai wani irin taro da ake yi da dare. Sai a kama babban ɗakin otal, a jera tebura, kowane tebur da kuɗinsa, a gayyato masu hali su zo su ci abinci su yi kallo. A kan dandamali kuwa mata ne baƙar fata: mawaƙa, masu rawa, masu zane, da masu ɗinki da ke nuna tufafin da suka ɗinka. A kira sunan wasu a ba su lambar yabo, kuɗin da aka tara kuma a ce na marayu ne, ko na karatun 'yan mata, ko na asibiti. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ajo ke nan, sai dai nasu da kwat da fitilu, namu da tabarma da kalangu. Duk wanda ya taɓa zuwa ajon makaɗi ko na zabiya ya san yadda ake yi: a yi wasa, a yi kirari, a yi liƙi, a watse.

To, in an watse an naɗe tabarmi, me ya rage a hannun matar da aka taru ana yaba mata? Me kuma ya isa ga waɗanda aka ambaci sunansu aka karɓi kuɗi? Don mu ga amsar a aikace, yau za mu bi sawun mace ɗaya, mawaƙiyar Afirka ta Kudu Miriam Makeba, wadda duniya ta laƙaba wa Mama Afirka. Ta yi fiye da shekara hamsin tana hawa irin waɗannan dandamali. Za mu tsaya a taro huɗu daga ciki.

An haife ta ranar 4 ga Maris 1932 a wata unguwar baƙar fata a gefen birnin Johanasbag. Tana da kwana 18 a duniya aka kama mahaifiyarta saboda dafa giyar gida, irin burkutu, wadda doka ta hana baƙar fata yi. Aka ɗaure uwar wata shida, jaririya tana tare da ita a gidan yari. A 1948 gwamnatin Turawa 'yan tsiraru ta mai da wariyar launin fata dokar ƙasa. Baƙin mutum ba ya shiga gari sai da takardar izini a aljihu. Ku da kuka san zafin a tsayar da mutum a shinge, ko kwastan ko duwan ko jandarma ya ce fito da takarda, ku ƙaddara ana yi muku haka kullum, a cikin garinku, a ƙasar da aka binne cibiyarku. A cikin wannan hali ta tashi, ta fara waƙa a makaranta, ta shiga ƙungiyoyin mawaƙa na Johanasbag, har sunanta ya fito.

A 1959 ta fito na 'yan mintoci a wani fim da aka ɗauka a ɓoye, mai nuna wahalar baƙar fata a ƙasar. Fim ɗin ya kai ta bikin finafinai a Italiya, daga can ta wuce Landan, inda ta haɗu da mawaƙin Amurka Harry Belafonte, shi kuma ya taimaka mata ta shiga Amurka. Ranar 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu zanga-zangar ƙin takardar izinin nan a garin Sharpeville, suka kashe mutum 69. A shekarar ce mahaifiyarta ta rasu. Ta nemi komawa jana'iza, sai ta tarar an soke fasfonta. Daga ranar ta zama mai ƙasa amma ba ta da ƙofar shiga.

Taro na farko: Niyok, 1962

Ranar 19 ga Mayu 1962 aka cika wani ƙaton ɗakin taro a birnin Niyok da mutum wajen 15,000, don bikin ranar haihuwar Shugaba Kennedy. Taron neman kuɗi ne, jam'iyyarsa ce ta shirya, kowa da tikitinsa ya shiga. Makeba na cikin waɗanda suka yi waƙa a daren. Ba ta jin daɗin jikinta, don haka da ta sauka sai ta koma gida, ba ta je walimar da aka yi bayan wasa ba. Kennedy ya ce lallai yana son ganinta, sai da Belafonte ya aika mota aka ɗauko ta.

Kun ji girmamawa. Yarinyar da ta fara rayuwa a gidan yari, ga shugaban Amurka yana jiran ta. Amma ku duba abin da kyau. Kuɗin daren asusun jam'iyya ya shiga. Washegari ta wayi gari fasfonta na nan a soke. A kudancin Amurkar kanta, a lokacin akwai otal da gidajen abinci da ba sa barin mai irin fatarta ya zauna. Abu ɗaya ta samu a irin wannan taro, shi ne suna. Shi kuwa suna jari ne, ya rage ga mai shi abin da zai saya da shi.

Ita ga abin da ta saya. A 1963 ta je gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata, ta faɗi abin da ake yi wa mutanenta, ta roƙi ƙasashe su daina sayar wa gwamnatin ƙasarta makamai, su kuma sa mata takunkumi. Gwamnatin ta mai da martani: ta hana sayar da faifanta, ta cire ta daga cikin 'yan ƙasa. Sai ƙasashe irin su Gini, Aljeriya, Gana da Beljiyam suka ba ta nasu fasfo. A tsawon rayuwarta ta riƙe fasfo tara. Wannan kwamiti, ɗan Gini Diallo Telli ne ke shugabancinsa a lokacin. Ku riƙe sunan, za mu dawo kansa. A farkon shekarun 1980 kuma Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, ya hau kujerar shugabancin kwamitin.

Tauraruwarta ta ci gaba da haske. Ta yi waƙa a Adis Ababa a 1963 lokacin kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. A 1966 ta ci lambar Grammy tare da Belafonte, ita ce mace ta farko daga Afirka da ta samu. A 1967 waƙarta Pata Pata ta game duniya. Duk da haka ba ta miƙar da gashinta irin na Turawa ba, ba ta kuma yarda ta yi tallan man canza launin fata ba. Mata baƙar fata da yawa a Amurka da Afirka sun ga haka sun yi koyi.

Sai 1968, ta auri Stokely Carmichael, ɗaya daga cikin masu zafi a gwagwarmayar baƙar fatar Amurka, wanda hukuma ke sa wa ido. Nan da nan masu shirya wasa suka soke alkawuran da suka yi da ita, kamfanonin faifai suka janye. Ta fita ƙasar, aka hana ta bizar dawowa. Shekara shida kacal tsakanin motar da aka aika a ɗauko ta da ƙofar da aka rufe mata. Muryar ba ta canza ba, masu tafin ne suka canza. Da ma an ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Taro na biyu: Legas, 1977

Wanda ya buɗe mata ƙofa shi ne Seku Ture, shugaban Gini. Ta zauna a ƙasar kimanin shekara goma sha biyar. Ta yi gida a Dalaba, can kan duwatsun Futa Jalon, ƙasar Fulani da shanu. Ta koyi rera waƙa da harsunan ƙasar, ta kuma wakilci Gini a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Gwamnatin Seku Ture ta ɗauki kiɗa da muhimmanci, tana biyan makaɗa albashi kamar ma'aikata. Har akwai ƙungiyar kiɗa ta mata zalla, dukkansu jandarmomi, da aka sani da Amazon na Gini.

Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977 Najeriya ta karɓi baƙuncin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, ƙasashe sama da 50 suka zo. Dattawanmu na tuna babban hawan daba da aka yi a Kaduna a cikin bikin. A Legas Makeba ta yi waƙa, matan Amazon ma sun yi. Ba a taɓa tara baƙar fata na Afirka da na ƙetare wuri ɗaya kamar haka ba, kuma mata sun fito an gan su an ji su.

Amma tarihi ba ya cika in an faɗi rabi. A daidai kwanakin da ake bikin, Diallo Telli, Bafulatanin nan da ya saurari kukan Makeba a 1963, wanda daga baya ya zama babban sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na farko, yana kulle a kurkukun Boiro a Konakiri. An kama shi a 1976 bisa zargin wai Fulani na ƙulla juyin mulki. Aka hana shi ci da sha har ya mutu, makonni kaɗan bayan an rufe FESTAC. Fulani da yawa sun tsallake iyaka sun bar Gini a wannan zamani.

'Yan kasuwa ma ba su tsira ba. Gwamnati ta hana ciniki sai ta hannun shagunanta, ta kafa 'yan sandan tattalin arziki masu ƙwace kaya a kasuwa da kan hanya. Ranar 27 ga Agusta 1977 matan kasuwar Konakiri suka ce ya isa, suka fito suka nufi fadar shugaba, boren ya bazu zuwa wasu garuruwa. An yi asarar rayuka, amma bayan nan gwamnati ta sassauta dokar ciniki, ta rushe 'yan sandan nan. Kun ga, a shekara ɗaya ƙasa ɗaya ta tura mata Legas ana yi musu tafi, a gida kuma mata masu tallar kifi da shinkafa sai da suka yi bore kafin a bar su su nemi abinci.

Mutane da yawa sun zargi Makeba da yin shiru kan waɗannan abubuwa, har ma tana yabon gwamnatin a waƙa. Masu kare ta suna cewa mace ce da aka kora daga ƙasa biyu, shi kaɗai ya ba ta wurin kwana. Duka maganganun biyu gaskiya ne. Mu Hausawa mun san wannan tarko, don mun san makaɗan fada: wanda ya ba ka doki da riga, da wuya bakinka ya iya faɗa masa ya yi kuskure. Seku Ture ya mutu a 1984. A 1985 'yarta tilo, Bongi, wadda ita ma mawaƙiya ce, ta rasu bayan haihuwa. Makeba ta bar Gini ta koma Beljiyam da zama.

Taro na uku: Landan, 1988

Ranar 11 ga Yuni 1988 mutum wajen 72,000 suka cika filin ƙwallo na Wembley. Wannan karon ajon na wani ne da ba ya wurin: Nelson Mandela, wanda ke daf da cika shekara 70 a duniya, yana tsare tun 1962. An nuna wasan a talabijin a ƙasashe 67, an ƙiyasta masu kallo sun kai miliyan 600. Gwamnatin Afirka ta Kudu ta hana nuna shi. A Ingila ma wasu 'yan majalisa na jam'iyya mai mulki sun yi ƙorafi don gidan BBC ya watsa shi. Makeba ta hau dandamali tare da Hugh Masekela, mai busa ƙaho, ɗan ƙasarta kuma tsohon mijinta, shi ma ɗan gudun hijira. Whitney Houston ta yi waƙa. Wata budurwa baƙar fata, Tracy Chapman, ta fito da garayar Turawa ita kaɗai don cike gurbin wani babban mawaƙi da ya samu matsalar kayan kiɗa, daga ranar duniya ta san ta.

Abin da ya bambanta wannan taro da na Niyok shi ne an san abin da aka zo nema, kuma kowa zai iya gani ko an samu ko ba a samu ba: a saki mutumin nan. Ribar da aka samu an raba ta tsakanin ƙungiyar yaƙi da wariya ta Ingila da wasu ƙungiyoyin agaji masu aiki a kudancin Afirka. Kada a ce waƙa kaɗai ta buɗe kurkuku. Boren matasa a unguwannin baƙar fata, yajin aikin ma'aikata, takunkumin ƙasashe, yaƙin Angola, da gudummawar ƙasashe irin Najeriya, inda aka kafa gidauniyar agajin kudancin Afirka a 1976 har ma'aikata suka riƙa ba da wani abu daga albashinsu, duk sun yi aiki. Abin da Wembley ya ƙara shi ne ya shigar da sunan Mandela cikin ɗakunan mutanen da ba ruwansu da siyasa. Bayan wata ashirin, ranar 11 ga Fabrairu 1990, aka sake shi.

Mandela ya nemi ta dawo gida. A watan Yuni 1990 ta sauka Johanasbag, bayan shekara 31, kuma da fasfon Faransa ta shiga ƙasar haihuwarta. Ta je kabarin mahaifiyarta, wadda aka hana ta binnewa shekara talatin da suka wuce. Daga baya ta buɗe gidan kula da 'yan mata marayu da waɗanda aka ci zarafinsu. A 1999 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiyarta ta yaƙi da yunwa.

Taro na huɗu: Italiya, 2008

Castel Volturno ƙaramin gari ne a bakin teku kusa da Napoli. 'Yan Afirka ta Yamma da yawa na zaune can, masu aikin gona da gini da ƙananan sana'o'i, wasu da takarda wasu babu. Yankin yana hannun wata ƙungiyar miyagu mai suna Kamora, masu fataucin ƙwaya da karɓar kuɗin dole a hannun 'yan kasuwa. Daren 18 ga Satumba 2008 'yan bindigarta suka buɗe wuta a wani shagon tela, suka kashe 'yan Afirka shida, 'yan Gana da Togo da Laberiya. Wani ɗan Gana ya tsira da raunuka don ya kwanta kamar matacce. Shi ya ba da shaida, aka kama maharan, kotu ta yi musu ɗaurin rai da rai. Bincike ya nuna mamatan ba su da hannu a harkar miyagun.

Aka shirya wasa a garin don nuna ƙin Kamora, da kuma goyon bayan marubuci Roberto Saviano, wanda ya tona asirinta a littafi a 2006 har ta yi barazanar kashe shi. Aka gayyaci Makeba. Shekarunta 76, ga ciwon gaɓoɓi, tun 2005 ta fara zagayen bankwana da dandamali. Babu shugaban ƙasa a wurin, babu teburin masu hali. Fili ne a waje, cikin sanyin Nuwamba. Ta zo. Daren 9 ga Nuwamba 2008 ta yi waƙa, ta rufe da Pata Pata, tana sauka ciwon zuciya ya kama ta. Aka kai ta asibitin garin, can rai ya yi halinsa. Aka mai da gawarta Afirka ta Kudu.

Matar da ta san abin da ake nufi da zama baƙo ba takarda, wasanta na ƙarshe a garin baƙi ta yi shi, inda aka kashe irin 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke bin hanyar Agadas su tsallaka teku neman abinci.

Abin da za mu ɗauka

Mu koma kan tambayoyinmu biyu. Me ya rage a hannun wadda aka yaba? A Niyok an yi mata tafi, bayan shekara shida aka rufe ƙofa. A Konakiri an ba ta gida, amma gidan ya zo da shiru. Abin da ya amfane ta da gaske shi ne takardar da ta tsallakar da ita iyaka ran da ba ta da ƙasa, da kuma ƙofar gida da aka buɗe mata a 1990. Me ya isa ga waɗanda aka tara kuɗi da sunansu? Inda aka faɗi abin da ake nema a fili, aka san hannun da kuɗi ya shiga, kamar Wembley, an ga amfani. Inda ba a faɗa ba, mai taro ne ya ci riba.

Wannan awo ba sai an je Landan za a yi amfani da shi ba. Muna da namu matan. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi shekaru tana kiɗan ƙwarya tana zuga mata su kama sana'a. Kusan kowane gari, wannan gefen iyaka da wancan, yana da zabiyarsa, da mai saƙar faifai, da mai zanen ƙorai, da mai kitso, da mai lalle. Ana nemansu ranar biki, a manta da su ranar ciwo. Wasu ma su yi musu liƙi da dare, da safe su ce ɗansu ba zai auri 'yarsu ba. Kada mu zama inuwar giginya, na nesa ka sha sanyi.

Don haka in an kawo muku katin ajo ko na ƙaddamar da gidauniya, a kara ne ko a tasha, ku je, ku ba da abin da ya sawwaƙa, ba laifi. Amma ku tambaya: wa zai ƙirga kuɗin, gaban wa, kuma ina za a kai shi? In an ce na marayu ne, marayun wane gari? In shekara ta zagayo, ku sake tambaya. Ita kuma matar da ta yi muku wasa har muryarta ta dishe, ku bincika ko an biya ta haƙƙinta, ko kuwa lambar yabo kawai aka miƙa mata ta hau mota da kuɗin aljihunta.